Masakin Dada

Kankara, 6 ga Yuni, 1976

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Hadi da duk mutanen gidanku na Sabuwa. Yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya.

Yaya, tun shekaranjiya na kasa zama wuri ɗaya. Kin san ɗakin nan na bayan makarantarmu da hedimasta ya ara mini nake tara tsofaffin kaya, wanda kike kira bolata? To, sanarwa ta zo daga Kaduna. Gwamnati za ta tallafa wa ƙananan ɗakunan kayan tarihi na karkara, a yi musu rufin kwano da akwatunan gilashi, kuma a ɗauki mai kula da kowane ɗaki a kai shi Jos ya koyo aikin adana kayan da. Amma ba kowa za a ba ba. Za su zagayo su duba, inda suka ga kayan kirki nan za su zaɓa.

In ba a zaɓe mu ba, shi ke nan. A watan Satumba za a fara karatun kyauta, yara za su cika makarantar maƙil, kuma hedimasta ya riga ya ce zai karɓi ɗakinsa. Kawu Barau kuwa kin san shi. Tun da ya sayi babbar mota ta biyu yake damuna in ajiye alli in zo Faskari in riƙa rubuta masa lodi.

Abin da na tara yawancinsa tsintuwa ce, ban san masu shi ba. Don Allah ki aiko mini da kayan kakarmu Dada da Inna ta bar miki: baƙin akushin nan, da ƙoran jere, da mazarinta, da masakin da aka yi mana wankan farko a ciki. Ki ba direban Kawu ranar kasuwarku. Na rubuta wa Kawu ya haɗa da galmar Kaka Audi ya turo mini gaba ɗaya.

Ki yi sauri, Yaya, ruwa ya fara cinye hanyarku. A gaida Malam Hadi.

Ƙanenki,
Maharazu

*

Sabuwa, 15 ga Yuni, 1976

Sarkin Bola,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lahiya lau, sai ƙafa da ta kumbura. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ba na masu alli ba.

Kai dai ba ka rabo da abin dariya. Mutane na ta hidda tsohon kaya suna sayen samira da rediyo, kai kana bin bayansu kana tsinta, yau ga shi har gwamnati ta biye maka. Lalle kuɗin mai ya yi yawa a ƙasar nan!

Na ba direban akushi da ƙorai da mazari. Da na sauke ƙoran daga jere sai da na yi ƙwalla, don har yanzu warin hayaƙin ɗakin Dada bai bar su ba. Je ka dai, Allah ya sa su yi maka rana.

Amma masaki, a'a. Ka manta halin da nike ciki ne? Shekara nawa ina ganin ana wanke ɗiyan wasu, sai bana Allah ya dube ni. A cikin masakin nan Dada ta wanke Inna, ta wanke Kawu Barau da kake gani da tumbinshi, aka wanke ni, aka wanke ka. Ɗinkin gyartai ya kusa fin ƙwaryar yawa, kuma kowane na san labarinshi. Dogon nan na gindi akuya ce ta taka shi shekarar da fara ta cinye gonaki. Na bakin kuwa naka ne, Inna ta ce tun ranar farko ka fara harbe-harbe, ga shi har yau ba ka zauna ba. A cikinshi za a wanke abin da zan haifa, in Allah ya yarda. Kada ka sake yi mani maganarshi.

Malam Hadi na gaishe ka. Ka riƙa cin abinci.

Yayarka,
Zulaihatu

*

Daga Alhaji Barau Mai Mota
Faskari, 29 ga Yuni, 1976

Zuwa ga ɗana Malam Maharazu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan aiki na tafiya daidai. Mu nan alhamdu lillahi, motoci duka biyu suna kan hanya.

Bayan haka, kaya sun iso daga Sabuwa, kuma na gode wa Allah da suka biyo ta hannuna. Haba, Maharazu! Manyan mutane za su taso tun daga Kaduna, ka shimfiɗa musu wannan tarkace ka ce kayan gidanmu ne? So kake su koma su ce zuriyar Malam Audi matsiyata ne? Ba a tarbar baƙo da tsumma. Ko a da, in baƙo zai zo, sai an yi daɓe an shafe ɗaki. Ku yaran boko kun yi karatu amma ba ku san fita kunya ba.

Saboda haka na tsaya da kaina na gyara maka komai. Akushin na sa an kankare baƙin nan da ya daskare masa, aka shafa masa koren fentin da ya rage na motata. Mai zanen mota ya ƙara masa fure a gefe, kyauta. Galmar Baba bakinta ya cinye, ƙotar duk gara. Na kai wa Bilya maƙeri a kasuwar Yankara, ya ƙera sabuwa fil da ƙarfen mota, ya sa mata ƙota mai kyau. Tsohon ƙarfen na bar masa ya yi lauje. Ƙoran kuwa ba su gyaruwa, na ba matan gida su zuba wa kaji ruwa, na saya maka sababbi masu zane. Mazarin ban ga inda yara suka kai shi ba.

Na haɗa maka da jeren samira da babbar robar wanka daga Kano, ka sa su a gaba-gaba don baƙin su san mu ma mun waye. Ba sai ka yi godiya ba, abin da uwarka za ta yi ne da tana raye.

Maganar aikin lodi tana nan. Kujera na jiranka.

Wassalam,
Kawunka

*

Kankara, 11 ga Yuli, 1976

Yaya,

Gaisuwa. Allah ya sa ƙafar ta saɓe.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya kashe ni da alheri. Da aka sauke kayan na ga akushin Dada kore shar da jan fure. Galmar Kaka fa, Yaya! Ƙarfenta na tama ne da aka narka a ƙasar nan tun kafin a san mota, irinsa ba a ƙara yi. Yanzu yana can Yankara ana yankan ciyawa da shi. Na hau keke na nufi tasha don in je in faɗa wa Kawu maganar da ba ta dace ba, na kai rabin hanya na juyo. Me zan ce masa? Shi har ga Allah gani yake ya fitar da ni kunya.

Baƙin sun zo ranar Alhamis. Shugabansu wani dattijo ne mai sanyin magana, Malam Nata'ala. Ya ɗaga akushin, fentin ya manne masa a yatsa. Ya dubi yatsan, ya dube ni, ya ce, “Malam, wannan kam bana aka haife shi.” Na so ƙasa ta tsage in shige. Dole na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Ya yi dariya har da tari, ya ce ba mu ne na farko ba, a wani gari ma har bango aka shafa wa siminti saboda zuwansu.

Ya duba sauran kayana, zugazugin maƙera da kwari da baka, ya ce ba laifi, amma kowane gari akwai irinsu, kuma ban san masu su ba. Abin da suke nema shi ne abu ko da guda ɗaya da aka san hannuwan da ya bi, daga wane zuwa wane. Ban san lokacin da bakina ya kama ba shi labarin masakin Dada ba, har da akuyar. Ya ajiye alƙalami yana saurare. Ya ce za su wuce arewa, za su biyo ta nan a kan hanyarsu ta komawa, Juma'ar tsakiyar Agusta. In ya ga masakin da idonsa, zai sa sunan Kankara.

Sai dai akwai sharaɗi. Abin da ya shiga ɗakin tarihi ya shiga ke nan. Ba aro ba ne, ba a fitar da shi a yi aiki da shi a mayar.

Ni ba roƙonki nake ba, Yaya. Labari kawai nake ba ki.

Ƙanenki,
Maharazu

*

Sabuwa, 20 ga Yuli, 1976

Maharazu,

Muna lahiya.

Ba roƙona kake ba? To mi ya sa ka cika takarda gaba da baya? Ni na goya ka, na san kukanka tun kahin ka buɗe baki.

Abin da Kawu ya yi ya ƙona mani rai, har na kasa cin tuwo. Ƙoran Dada a gaban kaji! Amma shi ya yi ɓarna, sai ni zan biya? Kuma wane irin adana ne wanga, a kulle ƙwarya cikin gilashi ba mai wanka a ciki? A wurina shekara da shekaru yana aiki bai ɓace ba. Da na sa shi a motar nan, da yanzu shi ma kore ne.

Ungozoma ta ce sai ƙarshen Agusta ko ma cikin azumi. Baƙinka ba za su jira ni ba, ni kuma ba ni iya cewa abin da ke cikina ya yi sauri don mutanen Kaduna. Jiya na sauko da masakin na wanke, na zauna ina ta kallonshi, na rasa abin da ke mani daɗi. Ka hana ni sukuni, Allah ya shirye ka.

Zulaihatu

*

Kankara, 30 ga Yuli, 1976

Yaya Zulaihatu,

Gaisuwa da ban haƙuri. Kin fi ni gaskiya, kuma na ji kunyar wasiƙata. Mace na fama da kanta ni ina fama da ƙwarya. Ki riƙe masakinki, ki wanke ɗanmu a ciki, shi ne amfaninsa.

An fara kawo sababbin bencina, an jingine su a bakin ɗakin nawa. Kullum na zo wucewa sai na ga sun ƙaru. Zugazugin zan ba maƙeran bakin kasuwa, sauran kuwa ban san inda zan kai su ba. Na gaya wa Kawu in baƙin suka wuce zan zo Faskari. Ya yi murna har ya ce zai saya mini agogo.

Ba na iya karatu, ba na iya zama. Nakan zagaya makarantar in dawo in sake zagayawa, har yara sun fara yi mini dariya. Amma zai wuce. Ga robar wankan da Kawu ya haɗo mini nan na ba direba ya kawo miki, ni ba ta da amfani a wurina.

Allah ya sauke ki lafiya. A gaida Malam Hadi.

Ƙanenki,
Maharazu

*

Sabuwa, 12 ga Agusta, 1976

Sarkin Bola,

Na sauka jiya Laraba da hantsi. Mace ce, lahiyarta lau. Ungozoma ta ce ba ta taɓa ganin mai gaggawa irinta ba, na ce ai ba a ƙasa ta ɗauko ba, halin kawunta ne.

An wanke ta a masakin Dada. Na ce a ɗago ni in gani, na gani.

Ga shi nan Malam Hadi ya ɗauro maka a bayan babur, na naɗe shi da zanena. Rafi ya cika, amma ya ce ko a ka ne zai ƙetare da shi ya iso maka kahin gobe. Kada ya tsaya Faskari, na gargaɗe shi.

Ka faɗa ma dattijon nan sunayen duka, kada ka tsallake kowa: Inna, Kawu, ni, kai. Ka bar wuri guda a ƙarshe, sai ran suna in aiko maka. Wanda zai biyo bayanta, in Allah ya kawo, a robar Kawu za a wanke shi. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Kada ka bar kowa ya goge shi ko ya shafa mashi wani abu, ɗinkin gindin ma bai gama bushewa ba. In ka tahi Jos ka tsaya ka koyo aikin da kyau. In ɗiyata ta yi wayo zan kawo ta Kankara, kuma kai da hannunka za ka buɗe mata gilashin nan ta taɓa, ko mi dokarku ta ce.

Hannuna ya gaji. Allah ya ba da sa'a.

Yayarka,
Zulaihatu