Harshen da Fokam ya ce ya mutu

Litinin, 6 ga Maris

Yau suka kashe injin. Sama da shekara ashirin ina rubuta wa kamfanin inshorar nan lissafinsa da harshen kwamfuta na APL, yanzu yaran da aka ɗauko sun ce ba mai iya karanta shi a duk Yawunde sai ni. To laifina ne ba su iya karatu ba? An sallame ni da agogon bango da lemo mai ɗumi. Ban yi kuka ba. Kar wani ya ce na yi.

Alhamis, 9 ga Maris

Na je wurin Fokam a makarantarsa ta koyon kwamfuta a unguwar Melen. Yaron da ni na nuna masa inda ake kunna inji, yau ga shi da tumbi da mota. Na ce ya ba ni aji in gabatar wa ɗalibansa APL. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Tanti Hortense, wannan harshen ai ya mutu, har an cinye abincin makokin."

Na ce wa ya gayyace ka jana'izar?

Ya ba ni Asabar uku, bayan ajin Python, harshen kwamfutar da yaran yanzu ke yayi. In ɗaki ya watse, shi ke nan, ya ce. Za mu gani.

Asabar, 11 ga Maris

Ɗaki cike. Na san ruwan sama ne ya tsare su, ban damu ba.

Na rubuta nauyin buhunan koko uku a allo, 62 65 59. Na ce a cire wa kowanne kilo ɗaya na buhu. Suka fara tsara yadda za su bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince wake. Na buga 62 65 59 - 1, inji ya amsa 61 64 58. Na ce a nan ba a yi wa lambobi magana ɗai-ɗai, gaba ɗaya ake kiran su. Na sa +/ a gabansu, jimilla ta fito. Suka zuba wa amsar ido, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Sai wani dogo a baya, Belinga sunansa, ya ga sauran alamomin ya ce, "Tanti, wannan rubutu ne ko kaza ce ta taka tawada?" Aka kwashe da dariya. Na ce kazar ta fi ka albashi.

Asabar, 18 ga Maris

Rabinsu ba su dawo ba. Sauran kuma na kore su da hannuna, in gaskiya ake so.

Na buga 2×3+4, inji ya ce 14. Suka tashi kamar an taɓa gidan rina, wai 10 ne, tun firamare haka aka koya musu. Na ce APL daga dama yake farawa zuwa hagu, kamar rubutun Larabci, kuma ba alamar da ta fi wata girma: uku da huɗu bakwai, sau biyu sha huɗu. Doka ɗaya tak maimakon tarin dokoki. Wata ta ce ita ba za ta bar lissafin ubanta don ni ba. Na nuna mata ƙofa. Ta bi ta, wasu suka bi bayanta.

Solange kaɗai ta rubuta abin da na faɗa. Ma'aikaciyar jinya ce, tana son ta iya lissafin nauyin jarirai na wata guda ba tare da ciwon kai ba.

Talata, 21 ga Maris

Fokam ya kira. Wai in sassauta, in riƙa sa bayani da kalmomi a gefen alamomin. Na kashe wayar. Miyar ndolen da na ɗora ta kama.

Asabar, 25 ga Maris

Mutum biyar. Belinga na cikinsu, ban san me ya dawo da shi ba.

Na nuna musu ⍳5 yana haifar da 1 2 3 4 5, na nuna yadda ake fitar da matsakaici a layi ɗaya. Solange ta zuba nauyin jariranta, amsa ta fito, ta yi ihu kamar an ci ƙwallo.

Ana tashi Belinga ya juyo mini da kwamfutarsa. "Tanti, duba, namu ma yana yi." Wani ƙari ne da ake ɗora wa Python. Ya cire ɗaya daga buhuna ukun nan lokaci guda, 61 64 58. Na ce sata ce, tsagwaronta!

"Ba sata ba ce, Tanti, jikanki ne. Kalli hancinsa."

Na tattara jakata. A tasi na yi ta faɗa ni kaɗai har direba ya rage rediyo.

Laraba, 29 ga Maris

Fokam ya ba masu zanen talla ɗakin. Ya aiko mini da kwalin biskit. Na ba maƙwabta.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Bayan coci na tarar da Solange da Belinga a barandata, da tsire a takarda. Ban gayyace su ba. Solange ta ce ba a gama ba, ba ta san yadda ake jera jariran daga ƙarami zuwa babba ba. Na ce kujeru suna ciki, wanda yake so ya ɗauko.

Mun kai har la'asar. Belinga ya daina zancen kaza. Da ya rikice a wani layi na rubuta masa bayani a gefe, kalma huɗu ko biyar. Biro ne ya zame.

Kafin ya tafi ya sa mini abin nan nasu a kwamfutata. Na bar shi ne don in san inda suka yi kuskure. Surutu ya yi masa yawa, layi uku inda ɗaya ya isa. Amma bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya, na gwada shi ta ko'ina.

Za su dawo Lahadi. Sai na sayi ƙarin kofuna.