Abin da PUT ya shafe mini

Lille, 9 ga Nuwamba

Ɗiyata Hafiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mamanki da duk mutanen Dagmanet. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai ɗan sanyi.

Na ji daɗi ƙwarai da ƙungiyar masu garka ta Dabaga ta ba ki riƙon bayanansu a injin bincike. Kin tambaye ni yadda ake gyara fishin mutum, wato takardar bayanansa, ta API, hanyar aika wa injin umarni. Da yawa suna zaton in an aika umarnin PUT da lambar fishi, layin da aka rubuta kaɗai ke canzawa. Ni ma haka na zata. A'a, ɗiyata, sabon yana maye gurbin tsohon gaba ɗaya.

Ran Talata na so gyara kwanan wata a fishi ɗari huɗu na biron da nake stage, wato ofishin da nake koyon aiki, sai na aika PUT. Da na duba, kwanan watan kaɗai ya rage, babu suna, babu adireshi. An maido rabi daga kopin ajiya. Shugabar biron ba ta yi faɗa ba, ta dai ce mu zauna ran Litinin, kuma takardar izinin zamana a nan tana rataye da sa hannunta. Kada ki gaya wa Inna, ba wani abu ba ne.

Ke dai ki yi amfani da umarnin update in gyara kike so. Buɗe index, wato rumbun fishi, na gwaji, sa fishin mai albasa guda na ƙarya, gwada PUT da update duka biyun, ki ga wanda zai bar masa sunansa.

Allah ya yi miki albarka. Ki sa ni a addu'a kafin Litinin.

Kawunki,
Inoussa