Wanda Zai Yi wa Baba Fiɗa

Lahadi, 3 Nuwamba 1963
Na je Maijirgi, garinmu. Na tarar da Baba kwance a zaure ta gefe guda, ga gyaɗa tule a gona ba a ɗebo ba. Ya rame, ido ya yi fari fat. Na gaishe shi, ya amsa wa bango kamar kullum. Shekara ashirin da tara ina ɗanshi, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ido da ido ba. Kunyar ɗan fari, wai. Ni dai ta ishe ni.
Ƙanenshi Baba Danda ya ja ni bayan rumbu. Basir ne, mai tsiro, jini kamar an yanka kaza, tun damina. Tun damina! Ina nan Tasawa, ni mushe, wato malamin makaranta, ina fama da yaran lakwal, ba wanda ya ga damar aiko mani.

Alhamis, 7 Nuwamba
Ba lakwal yau, na koma. Ga Na Allah wanzami a ƙofar gida da zabirarshi, an kira shi ya yanke tsiron. Wai, "Mushe, ni na yi maka kaciya, ka mutu?" Na ce ban mutu ba, amma Mamudu da ka yanke wa bara, kwana uku yana zubar da jini, yau ina yake? A gaban mutane na faɗa. Bai kamata ba, na sani. Ya naɗe kayanshi ya tafi.
Aska ba za ta taɓa Baba ba, in ina numfashi.

Asabar, 9 Nuwamba
Na tambaya ko'ina. Mutum biyu ke irin wannan fiɗa a Maraɗi. Akwai Nasara, dattijo, an ce ya fi shekara ashirin yana yi. Akwai Lokotoro Abdussalamu, likita Bahaushe, bara waccan ya dawo daga Dakar, bai girme ni da komai ba. Nasaran na zaɓa. Ubana ba abin koyon hannu ba ne.

Lahadi, 10 Nuwamba
Baba ya ce ba ya zuwa. Ni kuwa na ce zai je.

Alhamis, 14 Nuwamba
Baba Danda ya sha kanshi da magiya. Kamyon gyaɗa, babbar mota, muka hau, muka kwantar da shi rub da ciki bisa buhuna, kowane rami sai ya cije leɓe.
A asibiti wani anfirmiye, ma'aikacin jinya, ya zo zai yi tafinta, na ce ya bari, ni mushe ne. Har farar riga na sa. Littafina ne, bari in faɗi gaskiya: so nake Baba ya ji Faransancina ko sau ɗaya.
Nasara ya ce ina ke ciwo. Na juya wa Baba da Hausa. Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Ciki ne." Akwai jini? "Babu." Raina ya ɓaci, na kwashe komai na gaya wa Nasara da bakina. Ya ce to, ya tuɓe ya hau gado a duba.
Ni kuwa na juya na gaya wa ubana ya kwance wando. Da Hausa. Da bakin nan nawa.
 Ya ɗauki sandarshi ya fita, mutumin da da safe sai da muka tallafe shi.

Juma'a, 15 Nuwamba
Mun dawo gida. Na ce wa Baba Danda mu koma, wannan karon anfirmiye ya yi tafintar. Ya ce, "Kai, Hammadu, karatu bai ƙare ka da komai ba. Ya rantse ciwon nan ba zai ƙara bi ta bakin wani ba. Ɗakin Nasaran nan kuwa ko gawarshi."

Laraba, 20 Nuwamba
An aiko. Baba ya faɗi a bayan gida, sai ɗauko shi aka yi. Yara na karanta tebur na bakwai, ni ban san abin da nake rubutawa a allo ba.

Alhamis, 21 Nuwamba
Maraɗi, ni kaɗai. Na tsare Lokotoro Abdussalamu da tambaya kamar ɗan jarrabawa. Nawa ka yi wa? Arba'in da ɗaya. Nawa suka tashi? Arba'in, kuma ya gaya mani abin da ya kashe ɗayan, bai ɓoye ba. In jini ya ƙi tsayawa fa? Ya nuna mani yadda yake ɗaure jijiya da zare kafin ya yanka. Ya ce mai zubar da jini wata biyar ba ya jiran a gama cinikin gyaɗa, in kawo shi cikin satin nan.
Da na ba shi labarin waccan Alhamis sai ya kama baki. "Kai ne na fari? Subhanallahi. To ni da shi za mu yi magana, kai kana waje."
Na ji haushi. Amma shi ne. Na gama zaɓe.

Lahadi, 24 Nuwamba
Baba ya ƙi ko ya ji sunan Maraɗi. Mutum guda yake jin maganarshi a kan jikinshi, kuma shi ne na ci wa mutunci. Na sayi goro na tafi gidan Na Allah, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu. Sannan ya ce Mamudu bai bar shi barci ba har yau. Ya ɗauki hularshi muka tafi.
Daga waje na ji yana ce wa Baba, "Wannan jinin ya fi ƙarfin askata. Yaron can, lokotoro, Hausa yake ji, kai da shi kaɗai."

Talata, 26 Nuwamba
Mun kawo shi. Ya shiga wurin lokotoro, aka rufe ƙofa. Sun fi rabin awa. Har dariyar Baba na jiyo. Mi suke faɗa haka? Ban tambaya ba.

Alhamis, 28 Nuwamba
An shiga da shi da hantsi. Na zagaya bishiyar bedi ta tsakar asibiti ban san sau nawa ba. Ina jin tsoro, wallahi ina jin tsoro. In ya tafi, maganar ƙarshe da na yi mashi ita ce waccan.
Azahar lokotoro ya fito. An yi, jini ya tsaya.

Lahadi, 1 Disamba
Anfirmiye ya ce in shiga in gan shi, an ba dangi izini. Na leƙa ta taga, yana kwance rub da ciki, zane kawai aka yafa mashi, Baba Danda na zaune gefenshi. Ban shiga ba. Ba wai don al'ada ba, ɗakin ne ƙarami.
Na juya wa tagar baya na ce, "Baba Danda, a gaishe da mai jiki."  Can na ji muryarshi, ƙasa-ƙasa: "Danda, ka ce ma wancan na sha fura. Ka ce ya koma wurin yaranshi, kuma ya ci abinci, an ce mani bai ci ba."
Warin maganin asibitin nan yana sa ido ruwa. Sai da na je bakin famfo na wanke fuska kafin in nemi mai tuwo.