Bayan Hatimin Gidanmu

Litinin, 20 ga Nuwamba, 1961
Mijina Ovide ya samu aiki a masana'antar ƙarfe ta birnin Aosta. Suna son amsa da zarar an gama gashin burodin shekara. Ya ce ni zan yanke, tunda ni ce kullum nake kallon hanyar gangare kamar akuyar da aka ɗaure. Aosta! Wutar lantarki a kowane ɗaki, da kantin littattafai. Ba sai na jira mai kawo wasiƙu ya hauro min da ɗan littafin da mata uku suka riga suka jiƙa da hawaye ba.

Mama Césarine, uwarsa, ta ci gaba da aikinta. Amma na san abin da take lissafawa: in mun tafi, ita kaɗai ba za ta iya gashi ba, za a cire gidanmu daga layin tanderun gari. Tun kakannin kakanni ba a taɓa tsallake mu ba.

Laraba, 22 ga Nuwamba
Ƙanƙara ta sauko har gadar Rumawa. Rana ta leƙo ta bayan dutse, ta gaishe mu, ta koma.

Alhamis, 23 ga Nuwamba
Na hau neman itace, na ɓuge a Falalen Tsofaffi, inda magabata suka sassaƙa zane a jikin dutse. Akwai wanda nake so: mutum biyu riƙe da hannu, ɗaya dogo, ɗaya gajere. Na tabbata masoya ne da dangi suka hana su juna, shi ya sassaƙa kafin ya tsallaka tsauni. Na ba Ovide labarin, ya ce wa ya sani, wataƙila makiyayi ne da wanda ya sace masa cuku. Wannan mutum, Allah ya shirya min shi.

Itacen kuwa ɗan kaɗan na kawo.

Asabar, 25 ga Nuwamba
An kunna tanderu. Ba zai huce ba sai kowane gida ya gasa nasa. Duk garin ƙanshi.

Talata, 28 ga Nuwamba
Yau layinmu, kuma yau na sha kunyar da ban taɓa sha ba.

Tun asuba muke kwaɓi. Da muka jera curin a kan katako, Mama ta miƙo min hatimin itace na gida, ta ce wuyan hannunta ya gaji, ni in buga, ita za ta je ta ga wuta. A fuskarsa akwai alamarmu, ƙaho da layi biyu. Na juya bayansa, sai ga masoyana na kan falale! Su ɗin dai, dogo da gajere. Na ce a raina burodina na farko a gidan nan, kuma wataƙila na ƙarshe, ai da su ya dace. Na buga wa duka. Duka.

Apollonie, maƙwabciyarmu, ce ta fara gani da Ovide ya fito da zubin farko. Ta ajiye kwandonta ta rungume ni.

"Zélie, munafuka! Jiya muna tare a bakin rijiya, ko tari ba ki yi min ba?"

Mata suka rufe ni da sumba, maza suka dinga bubbuga kafaɗar Ovide, shi kuwa yana tsaye da matsamin burodi a hannu, baki buɗe. Ashe ba masoya ba ne. Uwa ce da ɗanta. A garin nan ba a juya hatimi sai gidan da ke sa ran haihuwa. Mu a ƙauyenmu na ƙasa hatimi fuska ɗaya gare shi, ina zan sani?

Laraba, 29 ga Nuwamba
Na bi gida gida ina cewa kuskure ne. Ba wanda ya yarda. An aiko min da zuma.

Jumma'a, 1 ga Disamba
Ni da Mama mun hau rumbu muna jera burodin a kan sanduna don ya bushe. Ina jiran faɗa. Sai ta ɗauki ɗaya, ta shafa zanen da babban yatsa, ta ce rabonta da ganinsa a kan burodi tun tana da cikin Ovide, kuma kakan mijinta ne ya kwaikwayo shi daga falale. Na ba ta haƙuri. Ta yi dariya har sai da ta dafa gini.

"Haƙurin me, 'yar nan? Wannan burodin sai baɗi war haka zai ƙare. Kina da lokacin da za ki mai da shi gaskiya."

Na rasa inda zan sa fuskata.

Lahadi, 3 ga Disamba
Littafin da nake karantawa ya ƙare, yarinyar ta shiga jirgin ƙasa ta tafi birni. Ban yi kuka ba. Tunani na dinga yi, ko wa ta bar wa uwarta.

Talata, 5 ga Disamba
Tanderu ya huce. Ovide ya tambaye ni me zai gaya wa mutanen Aosta. Na ce burodin nan ya yi yawa, ba motar da za ta kwashe shi, kuma na ji an ce rumbunan birni danshi gare su. Ya daɗe yana kallona, sannan ya fita faskare yana fito.

Ba wai na fasa ba ne. Saboda burodin ne kawai.

Hatimin yana aljihun rigata, Mama ba ta ce in mayar ba.