Kafon Na'ima da Muryar Hajiya Ladi

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Bayan ajin jita na yau, Na'ima ta ƙi tafiya. 'Yar Boubacar ce, mutumin Maradi da ke jan tasi a filin jirgin sama na JFK. Shekarunta goma sha huɗu, kuma ita ce mafi kunne a yaran da nake koya wa a Harlem. Kakarta, Hajiya Ladi, za ta koma gida ƙarshen wata. Ta ce ba sa iya hira: tsohuwa na yin Hausa, ita tana amsawa da Turanci, sai kowa ya yi shiru. Amma akwai wata waƙar daka da kakar ke yi a kicin, tana so ta raka ta da jita ranar walimar bankwana. Ta gwada a ɓoye, muryar da jitar sun ƙi haɗuwa.

Na ce mata kafo take buƙata, ɗan mamatsin nan da ake maƙala wa wuyan jita ya danne tsirkiyoyi duka, sauti ya hau sama ba tare da yatsu sun sake wuri ba. Na faɗa, amma raina bai so ba. A makarantar kiɗa an koya mana cewa mai karanta kiɗa a takarda ba ya neman gajeriyar hanya.

Talata, 8 ga Oktoba

Na'ima ta turo mini hoton kafon da ta saya a titin 125th Street. Kash. Na jita mai tsirkiyar ƙarfe ne.

Asabar, 12 ga Oktoba

Kamar yadda na zata. Bakinsa a lanƙwashe yake, alhali wuyan jitar kilasik irin tata shimfiɗaɗɗe ne, mai faɗi. Tsirkiyoyin gefe sun dannu, na tsakiya sai zizar ƙudan zuma. Yaran aji suka fashe da dariya. Ta kusa kuka.

Muka tafi shagon kayan kiɗa tare da babanta. Na nuna mata na masu kiɗan filamenko na ƙasar Sifen: katako, da 'yar fata mai kare wuya, da turken da ake murɗawa zare ya ɗaure. Abin sha'awa! Na tsaya ina ta bayanin yadda makaɗan Sifen ke matsar da shi gwargwadon muryar mawaƙi, har Boubacar ya ce, "Malam Tajuddeen, mota na bakin hanya fa, kada su ja mini ita." Na'ima ta zaɓi miƙaƙƙe mai sifirin, wanda hannu ɗaya ke buɗewa. Ni na katakon na so. Nata ne, na bar mata zaɓinta.

Dokoki biyu na ba ta: a sa shi dab da bayan ƙarfen gaɓa, irin waɗanda ke gicciye a wuyan jita, ba a kansa ba, kuma a sake saita tsirkiya bayan an maƙala.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na je gidansu a unguwar Stapleton don in auna muryar Hajiya. Jirgin ruwa, sannan bas. An shimfiɗa mini darduma a falo, an kawo fura. Tsohuwa ta zauna can gefen kujera, ta ja mayafi.

"Yo mi za a yi da waƙar tsofaffi, ɗana? Ƙawata ce ta haɗa ni da kai?" Tana nufin jikarta.

Da ƙyar ta rera baiti biyu, ƙasa-ƙasa, idonta a kan kafet. Na bi ta a hankali har na samu: kafo a gaɓa ta biyu. Na rubuta wa Na'ima komai a takarda, tsaf. Na dawo ina jin daɗin kaina.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na'ima ta ce a kicin waƙar ba haka take fita ba. Na ce ta bi takarda.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ta zo da rikodin a waya, ta ajiye mini a kan tebur. Hajiya na yanka kuɓewa tana waƙa, murya can sama, wasai, kamar ba ita ba. Sai a lokacin na gane. Ni baƙo ne, namiji, a falon ɗanta. Kunya ce na auna ranar nan, ba murya ba. Ni da na tashi a Fagge cikin gwaggonni, yaya aka yi na manta wannan?

Wani rikodin na washegari kuma ya ɗan sauka. Wato ba ta da wuri ɗaya. Inda ta tashi da shi, nan take kamawa.

Ga shi ranar walima mata na ɗakinsu, mu maza muna falo. Ba zan iya tsayawa kusa da yarinyar ba. Muka ture takarda. Na riƙa rera waƙar, kowane karo daga wani wuri dabam, ita kuma tana neman gaɓar da kunne. Muryata ba daɗi, ta faɗa mini ƙarara. Tana samu, tana ɓata. Allah Ya sa lokacin ya isa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yau ta fi samu fiye da ɓata. Gobe ne.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Gida ya cika. Ina falo da faranti a cinya, kunnena na ɗakin mata. Bayan la'asar na ji Hajiya ta ɗauko waƙar, sama da duk inda muka taɓa gwadawa. Jita ta shigo. Ba daidai ba. Wata mata ta yi dariya. Jita ta tsaya, kuma na ce a raina shi ke nan, yarinyar nan ba za ta sake ba.

Hajiya ba ta tsaya ba. Ta maimaita baitin farko, ta sake maimaitawa, kamar mai jiran wani a bakin hanya. Sai na ji ƙas, ƙarar sifirin ɗin kafo. Tsirkiya ɗaya. Ƙas kuma. Sannan suka haɗu. Mata suka kama tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Boubacar ya ajiye cokali, ya tashi wai zai duba mota.

Da aka gama na jiyo tsohuwar tana cewa, "Ƙawata, kin daɗe a hanya!" Na'ima ta ce, da Hausarta mai tuntuɓe, "Kaka, ke ce kin tafi sama da yawa." Ɗakin ya kwashe da dariya. Har na fito suna ta musu a kan wanda ya yi laifi.

Gaɓa ta shida, in ji Na'ima. Ta manta ba ta sake saita tsirkiya ba. Na ƙyale ta.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Hajiya ta sauka Maradi lafiya. Na'ima ta ce sun yi waya, kuma an koya mata baiti na uku.

Yau ban raba takardu a aji ba, injin buga takarda na ba da wahala. Tunda haka ne na ce kowa ya je ya saurari abin da ake rerawa a kicin ɗin gidansu, ya zo mana da shi. Na mako ɗaya ne kawai. Wataƙila biyu.