Mikin da ke Harshen Baba Tela

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba Tela da Umma. Ya zaman jiran aiki? Digiri dai an samu, saura mu gan ki da katin ofis a wuya kina yi mana yanga.

Albishirinki, likita ya sallami Abba. Ɗan farin tabon nan da likitan haƙori ya gani a harshensa ciwon daji ne, amma an cire shi tas. Yanzu ba abin da yake yi sai faɗa da mu a kan gishiri. Sai dai ya rame, kayansa duk sun yi masa yawa. Ya ce ba mai taɓa masa yadi sai ƙaninsa, don haka na aiko da shadda, Baba Tela ya ɗinka masa.

Ki gaishe da kowa.
Yayarki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, shaddar ta iso. Ina taya Baffa murna. Na zaɓi rubutu ne don a waya rikicewa nake yi.

Baba ma yana da ciwon. A gefen harshe na hagu, santimita uku, ga kaluluwa guda a wuya. An yanki nama an gwada, mataki na uku ne. Na Baffa, yadda kika kwatanta, mataki na ɗaya ne.

Kin san yadda Baba ke riƙe allura a baki in yana gwada wa mutum riga. Da mikin ya fito sai ya ce allura ce ta soke shi. Bai yi zafi ba, shi kuma ba ya rufe shago don abin da ba ya zafi. Mai kemis ya ba shi maganin kurkure baki har ya gaji. Ni da na karanta lafiyar al'umma, sai da na ga yana tauna da gefe guda na sa shi ya buɗe baki.

Yaya, uwarsu ɗaya, tabarsu ɗaya, tare suka koyi sha. Bambancin kawai, ofishin Baffa na da inshora, ana tura shi duba haƙora ko ba ya ciwo. Na rubuta wannan a jarrabawa, cewa masu ƙaramin ƙarfi sun fi mutuwa da ciwon don a makare ake ganowa. Na ci maki mai kyau.

Da na karanta cewa Baffa na faɗa a kan gishiri, kife wasiƙar na yi. Baba kunu ma da ƙyar yake haɗiya. Ban so in ji abin da na ji ba, amma na ji.

An sa mu a layin ganin likitan tiyata, an ce sai bayan watanni. Irin wannan ciwon ba ya jira haka.

Ki huta lafiya.
Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Ke wace irin yarinya ce? Kin iya auna miki da santimita, ba ki iya ɗaga waya ba? Ni ina can ina aiko da ɗinki kamar mahaukaciya.

Ki ji haushinmu yadda kike so, ba zan hana ki ba. Abba ya karanta, ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito ya ce yana da ranar komawa wajen likitansa mako mai zuwa, kuma da ƙaninsa zai shiga, in ya so a kore su tare.

Ki shirya shi.
Yaya

*

Yaya,

Na gode, ina gaida Baffa. Baba ya ƙi. Ya ce tun suna yara kwancen Baffa yake sawa, yanzu har likita ma kwance za a ba shi? Na yi masa bayanin matakan ciwon dalla-dalla, ya ce, "Likita bokan Turai, matsa min daga haske." Yana nan a kan keken ɗinki, bakinsa ɗaure da hankici saboda yawu.

Abin kunyar shi ne na fahimce shi. Ni ma da zan iya, da ban karɓa daga hannunku ba. Amma ba zan iya ba. Don Allah Baffa ya zo da kansa. In ya tsaya a ƙofar shago, Baba ba zai iya musu da wansa a gaban maƙwabta ba.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa. Kin dai ji mun je. Za a yi aikin, za a cire kusan rabin harshen da kaluluwar, sannan a gasa wurin da na'ura. Na tambayi likita ko zai warke, ya ce a yi aikin tukuna. Na tambaya ko zai yi magana, ya ce zai yi, amma ba kamar da ba.

A mota muna dawowa Baba bai rufe baki ba. Ya tsokani direba, ya ba Baffa labarin wani kare da ya taɓa bin su, ya kira Umma a waya ya tambaye ta abin da ya riga ya sani. Ban taɓa jin ya yi surutu haka ba. Likita ya ce ya rage magana don kada mikin ya yi jini. Ban tuna masa ba.

Sai na ji daga gare ki.
Auta