Hannun Gidanmu

Litinin, 3 ga Maris
Ƙarin da ke marata ya girma, likita ya ce sai aiki. Na ce masa zan yi shawara, alhali na gama yankewa: ba zan yarda a sa ni barci ba. Yaya da ƙafarsa ya shiga ɗakin tiyata, don ɗan aikin da bai taka kara ya karya ba, aka fito mana da gawa. Ciwonmu ɗaya da shi, raunin tsokar nan da idan muka damƙi abu hannu ya ƙi buɗewa. Dangi har tsokanarmu suke, wai rowa ce muka gada.

Alhamis, 6 ga Maris
Maigida ya lallaɓa ni zuwa wajen likitar da ke sa barci. 'Yar firit da ita, ina ganinta na raina ta. Ta ce in kama yatsunta in saki. Na kama, sakin ya gagara, muka tsaya cirko-cirko. Tambayoyi kuwa kamar alƙali: ko ina shaƙewa in na sha ruwa, ko sanyi na sandarar da ni, wa ya rasu a gidanmu. Na faɗa mata maganar Yaya, sai ta ce: "Hajiya, akwai magungunan barcin da jikinku ba ya ɗauka. Ba za su kusance ki ba. Allura zan yi miki a baya, idonki biyu za a gama."

Juma'a, 7 ga Maris
Gwajin zuciya, gwajin numfashi. Na gaji da hura bututu.

Laraba, 12 ga Maris
Na ci nasara! Da hannun hagu ma zan iya rubuta wannan don daɗi. Da aka shiga da ni tiyata, likitar barcin ta sa an kashe na'urar sanyaya ɗakin, aka lulluɓe ni da bargo, har ruwan da ake ƙara mini sai da aka ɗumama. Mai fiɗa yana ta haɗa gumi yana mita, ita ko a jikinta. Tana zaune daidai kaina tana ja na da hira, kowane numfashina a idonta. Da tsoro ya taso mini na damƙe hannunta, kuma ka san hannun gidanmu. Haka ta ƙarasa aikin da hannu ɗaya a wurina. Ta ce kwana biyu zan yi inda ake sa ido sosai, ko na ji garau.

Lahadi, 23 ga Maris
Ina gida, ina takawa har ƙofa. Inna ta zo dubiya ta yi ta kuka, na san ba ni kaɗai take gani ba, har da Yaya.
Ɗazu autana ya kasa sakin murfin kwalba. Na daɗe da lura, ina kawar da kai. Ba wai na yarda da asibiti ba ne. Amma na ce wa babansa ya nemo mana rana wajen 'yar firit ɗin nan.